Kindness ko benevolence: wanne ya dace a wasiƙar godiya?

Assalamu alaikum. Masana Turanci, don Allah a taimaka mini.

Ƙungiyar unguwarmu ta ɗora mini rubuta wasiƙar godiya da Turanci ga wani bawan Allah da ya haƙa mana rijiyar burtsatse. Kalma ɗaya ce ta tsayar da ni: in gode masa kan kindness ɗinsa ne, ko kan benevolence?

Na bi asalinsu. Kindness 'yar gida ce, daga tsohon Turanci, tushenta ɗaya da kin, wato dangi. Shi ya sa kind take nufin iri, take kuma nufin mai kirki: mutumin da ya riƙe ka kamar jininsa. Benevolence kuwa baƙuwa ce, ta shigo ta hanyar Faransanci daga Latin, inda bene ke nufin da kyau, velle kuma so ko nufi. Ke nan nufin alheri ce.

To nan na maƙale. Mutumin nan ai bai tsaya a niyya ba, ga mata da yara suna layi da jarkoki tun asuba. Sakatarenmu ya dage kan benevolence, wai ta fi girma. Ni kuwa a kunnena tana kama da kyautar sarki ga talakawansa, kindness kuma sai na ga kamar ta yi wa rijiya guda kaɗan.

Shin Turawa suna amfani da benevolence ga aikin da aka riga aka yi? Ko generosity ce ta fi dacewa tunda kuɗi ya kashe? Ranar Juma'a za a kai wasiƙar.