Taƙaitawa: Rigimar Kwangilar Gini a Kaduna

'Yan'uwa, na tattaro abin da aka faɗa a tattaunawar da aka yi kan yadda za a kauce wa saɓani tsakanin mai gini (wanda ya ba da aikin) da ɗan kwangila.

1. Kowa ya yarda a rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwanka ne na jini. A sa lauya ya duba kafin a sa hannu.

2. Kafin a haƙa tushe, a tabbatar da takardar fili a KADGIS (hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna), a karɓi izinin gini daga KASUPDA (hukumar tsara birane ta jihar), injiniya kuma ya kasance mai rajista da COREN (hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya).

3. Nan aka fi daɗewa: tashin farashi. Da siminti ya yi tashin gwauron zabi a 2024, ayyuka da dama sun tsaya a linta, rodi na tsatsa a waje. 'Yan kwangila suka ce a sa sharaɗin sake lissafin kuɗin aiki idan farashi ya tashi, masu gini suka ce ƙofar cuta ce. Ni dai ina ganin a sa shi, amma da rasit. Duk canjin zane kuma a rubuta. "Alhaji ya ce a ƙara ɗaki" ba hujja ba ce.

4. A biya kuɗi mataki-mataki, a riƙe wani kaso har damina ta gwada rufin.

An rabu kan inda za a kai ƙara. Wasu sun fi son dattawa su sasanta. Wasu suka ce babban aiki sai mai raba gardama bisa dokar sasanci ta Najeriya ta 2023, don kotu na cin shekaru. Kaɗan suka nace sai kotu.