Wace kalma za mu ba gudan jinin da ke toshe huhu?

Jama'a, ina neman taimakonku. Ina fassara bayani kan mace-macen da korona ta jawo, sai na ci karo da abin da likitoci ke kira pulmonary embolism, na tsaya cak.

Bari in faɗi abin da ake nufi tukuna. Jini ne ke yin guda a cikin jijiyar ƙafa, galibi can ciki a sharaɓa ko cinya. Sai gudan ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya, ya je ya maƙale a hanyar jinin huhu. Iska na shiga, amma jinin da zai ɗauke ta ba ya isowa. Mutum yana zaune numfashi ya sarƙe masa, ƙirji ya ɗau zafi, wani har ya yi tarin jini.

A 2020 likitoci a Hamburg ta Jamus sun binciki gawarwaki 12 na farko na waɗanda korona ta kashe. Bakwai na da gudan jini a jijiyoyin ƙafa, kuma kafin rasuwarsu babu wanda ya yi zaton haka. Huɗu kuwa gudan da ya tafi huhu ne ajalinsu. Ƙwayar cutar tana ƙuje bangon jijiya daga ciki, ga kumburi, ga kwanciyar jinya ba motsi.

Wasu sun riga sun kawo shawarwari. Wani ɗan'uwa ya kawo "toshewar huhu". Malam, na gode, amma ban karɓa ba. Ka faɗa wa tsohuwa huhunta ya toshe, majina za ta ɗauka, ta aika a sayo citta da kanumfari. Ba hanyar iska ce ta toshe ba.

"Daskarewar jini" ita na fi ji a rediyo, kuma ita ta fi damuna. Daskarewa tana kai tunani ga sanyi, ga man shanu a hunturu, kamar jinin jiki duka ya tsaya. Alhali duk wanda ya tsaya wurin yankan ragon layya ya ga ainihin abin: kafin a gama fiɗa, jinin da ya zuba ya zama curi mai santsi kamar hanta. Wannan gudan jini muke ce masa tun kaka da kakanni.

Hajiya da ta ce "toshewar jijiyar huhu", kin kusa. Sai dai jijiya a Hausa ta haɗa ta jini da ta laka da ta agara, dole a ƙara "jini".

Akwai kuma wani bambanci. A korona an ga ƙananan gudaji da suka samu a cikin huhun kansa, ba su zo daga ko'ina ba. Bajamushe Rudolf Virchow ne tun ƙarni na 19 ya bayyana yadda guda ke tashi daga ƙafa ya tafi huhu, don haka tafiyar nan tana cikin ma'anar kalmar embolism.

Ga inda na tsaya. Wanda ya samu a cikin huhun kansa, "gudan jini a huhu". Wanda ya taso daga ƙafa, "ɓallallen gudan jini", cutar kuma "toshewar jijiyar jinin huhu da ɓallallen gudan jini" in ana son cikakken suna.

Ma'aikatan jinya da ke nan, ku gwada ta a kan majinyaci gobe, ku dawo mana da abin da ya fahimta.