Abin riƙe ƙugiya mai juyawa, wane zan saya?

Ɗan Gamkalle:
Salamu alaikum 'yan uwa masu fatsa. Na fara ɗaura gashin zabo da zare a kan ƙugiya ya yi kama da ɗan kifi, don in kama tsage a ƙasan gadar Kennedy ta Yamai, to abin riƙe ƙugiyar da nike da shi mai arha ne, da na ja zare da ƙarfi sai ta sulluɓe, jiya har ta soke ni a babban yatsa. Ƙanena zai taho daga Faransa, mai juyawa zan sa ya sayo min ko ɓarnar kuɗi ce?

Mai Koma:
Wa alaikumus salam. Duba bakinshi tukun, juyawar daga baya take. Tsage babbar ƙugiya yake so, mai lamba 1/0 ko 2/0, in bakin bai cije ta ba aikin banza ne. Mai juyawa na gaskiya kuma shi ne wanda sandar ƙugiyar ke tsayawa miƙe a wuri guda tana juyi, sai ka riƙe zaren kawai yana naɗe kanshi, ka ga cikin ɗaurin ka ga bayanshi ba ka kwance ƙugiyar ba. Nawa Renzetti Traveler ne, wallahi ya hutar da ni.

Baba Na Harobanda:
Yaro ka ɗauki mai maƙalawa a bakin tebur, mai gindin ƙarfe nauyi gare shi, zai cinye ma ƙanenka kilo a jirgi. Ka riƙa rufe shi kuma, ƙurar hunturu na shiga wajen juyin.

Ɗan Gamkalle:
Na gode Baba, Allah ya saka. Teburina yana da kauri, bari in auna shi tukun.