Musayar waƙa: Slievemore, kufai ne ko mashekari?

Ɗan Barno:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na ci karo da hotunan wani ƙauye a tsibirin Achill, gundumar Mayo, yammacin Ailan. Sunansa Slievemore, wato Babban Dutse a harshensu. Amsa-amon yau "ai" ne, wanda ya karya zai sayi goro.

Gindin dutse na ga ɗakuna,
Sun fi tamanin, sun zama kufai.
Jere suke a bakin hanya,
Ba jinka, bangon dutse kawai.
Ɗaki guda, mutum da saniya,
Nan ake kwana har da iyalai.
Wa ya tashe su, ya 'yan'uwa?
Ku ba ni amsa da dalilai.

Gwaggon Yara:
Ɗana, wa zai tashe su in ba yunwa ba?

Dankalin Turawa ne tuwonsu,
Safe da dare shi ɗin ne dai.
Cuta ta bi shi har cikin ƙasa,
Aka tono shi baƙi, ya ruɓe sarai.
Daga 1845 aka soma,
Har shekaru suka kai bakwai.
A faɗin Ailan miliyan ta kwanta,
Miliyan suka tsere da rai.

Malam Mai Gafaka:
Gwaggo, a gafarce ni, kin ɗora wa dankali laifin mutane.

Gonar da suke noma ba tasu ba,
Galla ake kai wa attajirai.
Ana lodin hatsi zuwa Ingila,
Masu noma shi ko tsaba babu, kai!
A Dugort, can gefen dutsen,
Fasto Nangle ya kafa mishan da malamai.
Katolika suka ce yana ciyarwa
Don a koma Furotesta, wai.
Da wuya ta kai wuya suka gangara
Dooagh, bakin teku sosai.
Can ko dankali ya ƙi, akwai kifi,
Ruwa ba ya karɓar galla dai.

'Yar Fulani:
Malam ya yi daidai. Kai kuwa Babarbare, bawana, janye kalmar kufai. Ba ka san kiwo ba, shi ya sa.

Sun sauka, amma ba su bar shi ba,
Mashekari suka mai da shi, jikai.
In sanyi ya wuce, ciyawa ta tsiro,
'Yan mata su kora shanu su kai.
Su tatsi nono, su kaɗa mai,
A ɗakin kaka suke sa kai.
Haka ake yi har wajen 1940,
Ka ji, mai cin ɓula da ƙwai?
Je ka duba gangaren dutsen,
Kunyar dankalinsu na nan ƙwarai.
Da ciyawar teku suka yi taki,
Har yau ba ta baje ba, sai dai
Ciyawa ta rufe ta kamar bargo.

Ɗan Barno:
Uwar ɗakina, baitin ƙarshe ya faɗi a "go". Goro ya hau kanki! Sannan "jikai" ɗin nan sai kin fassara mana. Amma na sallama rabi.

Na yarda shanu sun yi zarya,
Yanzu ko masu gidan tumakai.
Sama da ƙauyen akwai kaburbura,
Shekara dubu biyar, in ji labarai.
Wanda ya gina su ba a san sunansa ba,
Balle a ce ina ya sa kai.

'Yar Fulani:
Goro sai Barebari sun biya jangali. Gwaggo, ki raba mu.

Gwaggon Yara:
Ni tuwo nake tuƙawa. Ku kai wa Malam.