Kalmomin Wuta a Turanci

A Garwa muka zauna da ɗalibai muka tattauna kalmomin wuta na Turanci. Shawarar da ta rinjaya ita ce a haɗa kowace kalma da abin da ido ke gani a murhu. Garwashi ember ne, toka ash, tartsatsi spark. Babbake kan rago ranar Layya singe ne. Ƙunar ruwan zafi kuwa scald.

Inda muka fi daɗewa shi ne inflammable. Wasu sun ɗauka abin da ba ya kama wuta ne. A'a! Daidai yake da flammable, wato abin da ke saurin kama wuta; haka ma'anarsa take a Faransanci ma. Abin ya dame ni ƙwarai, ganin yawan masu sayar da fetur a kwalba a bakin titi.