Shawarwarin masu tara faifan kiɗan house

Da masu tara faifan garmaho suka tattauna kan yadda sabon shiga zai fara sayen kiɗan house, wani nau'in kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a bi sunan kamfanin da ya fitar da faifan, domin makaɗan wannan fanni sukan sauya suna daga faifai zuwa faifai, kamfani kuwa yana riƙe da salonsa.

A Chicago ta Amurka kiɗan ya tashi a farkon shekarun 1980, a hannun masu saka faifai a gidajen rawa irin su Frankie Knuckles. Mai neman tushe sai ya fara da kamfanonin Trax Records da DJ International na wannan birni. A nan aka fi tsawaita magana, saboda an san Trax da narka tsofaffin faifai a sake buga sababbi da su, shi ya sa bugun farko yakan zo da ƙaraf-ƙaraf ko allura ta riƙa tsalle. Wasu suka ce a nemi sabon bugu, wasu suka dage cewa wannan ƙurar tana cikin daɗinsa. Ni dai ina tare da masu cewa a nemi sabon bugu, kunne ya fi tarihi haƙƙi.

Don sautin New York an ambaci kamfanin Strictly Rhythm, wanda aka kafa a 1989, sai Defected na Landan, 1999, ga mai son waƙa da murya.

Kafin biyan kuɗi, a duba lambar faifan a Discogs, shafin intanet mai jera bayanan faifai; bayan an saya kuma a ajiye shi a tsaye, nesa da zafin rana, don yana lanƙwashewa.