Neman shawara: an kawo min kwalbar nikotin, ɗigo nawa zan sa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana.

Ni tela ne a nan Gombe, shagona na wajen Jekadafari. Na fara shan taba tun ina yaron mota a Tashan Dukku, lokacin da kawuna ke jigilar hatsi. Mahaifina har ya rasu bai sani ba, ko kuma ya sani ya ƙyale ni, Allah Ya jiƙansa. Da na je neman aure aka yi bincike aka gano, sai da na yi wa yayan matata alƙawarin zan daina kafin ɗaurin aure. Yau ’yarmu ta fari tana firamare, ban daina ba. Na gwada goro, na gwada azumin Litinin da Alhamis, ana shan ruwa sai in zagaya bayan shago. Akwai wata Hajiya da ta dawo min da leshinta a gaban yarana ta ce warin hayaƙi yake yi, har yau abin na cina.

Bayan babbar sallah wani abokina ya ba ni sigarin lantarki irin wanda ake zuba wa ruwa. Tari ya ragu. Matsalar ruwan ne, ga tsada, ga shi sai an aiko daga Kano. Shi ne ɗan wan babana da ke saro kaya daga Chaina ya zo min da kwalbar nikotin, ya ce tsinkawa ake yi. Na sayi gilisarin a kemis, ina da filebon ayaba irin na masu kek. Kwalbar tana firiza. Jiya na buɗe na sansana, kaina ya ɗan juya. Ɗigo nawa zan sa? Ina tsoron komawa kara.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Oga ka zo inda ya dace, tun ina karatu a Malesiya nake haɗa nawa. Da farko cire maganar ɗigo daga ranka, ba a auna nikotin da ɗigo. Sirinji za ka saya, da safar hannu irin ta asibiti. Lissafin kuwa na ’yan firamare ne: ƙarfin da kake so, ka ninka da yawan ruwan da za ka haɗa, ka raba da ƙarfin da ke jikin kwalba. Yawanci ana sayar da shi miligiram 100 a kowane mil, wato mililita. Kana son mil 30 mai ƙarfin 12, wato miligiram 12 a kowane mil? 12 sau 30, raba da 100, mil 3.6 ke nan. Sauran ka cike da PG (wani ruwan sinadari da ake tsinka nikotin da shi) da VG (wato gilisarin) rabi da rabi. Shi ke nan, an gama.

Sista Hauwa: Malam mai tambaya, me aka rubuta a jikin kwalbar? Kuma kara nawa kake sha a rana? Ba ka faɗi ko ɗaya ba.

Mai tambaya: Anti akwai 100 a jiki. Sauran rubutun Chaina ne, takardar kuma ta jiƙe a firiza ta fara saɓulewa.

Injiniya: Kun gani ko? Na faɗa. 100 ne. Ci gaba kawai.

Sista Hauwa: 100 na me, Injiniya? Zai iya zama girman kwalbar ne, mil 100. Akwai nikotin zalla da ake sayar wa masana’antu, shi ya kusa miligiram 1000 a mil guda. In shi ne a hannunsa, wannan mil 3.6 ɗin naka zai ba shi ruwa mai ƙarfin kusan 120, ba 12 ba. A Turai da Ingila doka ba ta bari a sayar wa mutum abin da ya wuce 20, kuma a ’yar kwalba mai mil 10. Mutum ya sansana kansa ya juya, kai kana ce masa ya ci gaba.

Ni a asibiti nake aiki. Nikotin yana ratsa fata, ba sai an sha ba. Tashin zuciya, amai, yawu, gumi, jiri, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. In ya zuba a hannu a wanke nan take da sabulu da ruwa mai yawa. In yaro ya haɗiya, a manta da manja da madara, kada a sa masa yatsa a wuya, a ɗauke shi da kwalbar a yi asibiti. A 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu a jihar New York saboda ruwan nikotin da aka ajiye a gida don irin wannan haɗin. Firizar nan ta waye, kuma me ke cikinta?

Mai tambaya: Ta madam ce, tana sayar da zoɓo da kunun aya. Amma na naɗe kwalbar a baƙar leda na tura can ƙasa, yarana ba sa buɗe firiza. Ni ma ai uba ne Anti, ba zan cuci ’ya’yana ba.

Maman Walid: Hmm. Ni dai duk wanda ya ce min wannan abin na sa a daina taba, sai in yi dariya. Maigidana haka ya zo min da shi, wai an huta. Yanzu a falo yana busa mai ƙamshin kankana, in ya fita majalisa ya kunna kara. An tashi daga kashe kuɗi ɗaya an koma biyu. Da can ma yana jin kunya ya fita waje, yanzu a kan gado yake yi wai ai tururi ne. Cajar wayata ma ya kwashe. Na kai ƙara wajen yayarsa ta ce in gode Allah ba ƙwaya yake sha ba. To na gode.

Injiniya: Hajiya, matsalar maigidanki ƙarfin ne bai ishe shi ba. Kara guda na ɗauke da nikotin wajen miligiram 10 zuwa 12, amma abin da ke shiga jini bai fi 1 zuwa 2 ba, kuma jiki ya saba da samunsa cikin daƙiƙu. Ka ba irin wannan mutum ruwa mai ƙarfin 3 a ƙaramar na’ura, dole ya nemi kara. Mai shan kwali a rana 12 zuwa 18 yake buƙata in na’urar ƙarama ce. Masu manyan nan da ke turnuƙe ɗaki su ne ke shan 3 ko 6. Kuma firiza daidai ce, zafi da haske da iska ke lalata nikotin, ya koma ruwan ƙasa ya riƙa yaji a maƙogwaro. Da zafin Gombe na watan Maris ina za ka ajiye shi? Sista tana tsorata mutane ne kawai. Tun 2015 hukumar lafiya ta Ingila ta ce illarsa ta yi ƙasa da ta taba da kusan kashi 95.

Sista Hauwa: Wancan rahoto kan ruwan da aka auna aka sayar yake magana, ba kwalbar da ba a san ƙarfinta ba a tsakiyar gorunan zoɓo.

Ɗan Bolari: Ni 3 na fara da shi kuma lafiya ƙalau. Kada ka biye wa mai ce maka 18, kai zai yi ta sara maka. Abin da ya fi damuna ’yan damfara. Na tura wa wani mai shago a intanet kuɗin kwalba uku, aka aiko min ta tasha, biyu sun yoye a leda, ta ukun kamar turaren ɗaki. Na kira ya toshe lambata. Ƙasar nan ba amana.

Abu Ammar: Ɗan’uwa ka ji tsoron Allah. Ka bar hayaƙi ka koma tururi, duk cutar da kai ne da ɓarnar dukiya. Wanda ya iya kame baki daga alfijir zuwa magariba zai iya dainawa gaba ɗaya. Ka zubar, ka dage da addu’a.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma ai na faɗa a sama na gwada. Wanda bai taɓa sha ba ba zai gane ba. Kuma ɗan’uwana ya kashe kuɗinsa ya ɗauko daga nesa, in zubar ya ji, me zan ce masa?

Ummi Kek: Ni filebon nan ne ya tsaya min. Sana’ata ce, wasu da mai ake haɗa su. Ɗiga shi a kofin ruwa, in ya taso sama ya yi ido to mai ne, kuma mai ba ya shiga huhu lafiya. Gilisarin ɗin ma ka duba, wanda muke zubawa a man shafawa wani da turare a ciki.

Injiniya: Wannan kam gaskiya ne, na manta ban faɗa ba. Abin da ya kwantar da mutum sama da 2,800 a Amurka daga 2019, ya kashe 68, wani sinadari ne mai maiƙo na bitamin E da aka riƙa cusawa a ruwan wiwi. Gilisarin sai mai BP ko USP a jiki, wato alamar ingancin magani. Amma lissafina na nan daram.

Sista Hauwa: Malam, akwai cingam da filastan nikotin, ka tambaya a manyan shagunan magani, ƙarfinsu a rubuce yake. In na’urar kake so ka ci gaba da sayen haɗaɗɗen ruwa ko da tsada. Yanzu dai ka fitar da kwalbar daga firiza ka kulle ta inda yaro ba zai kai ba, ka kira ɗan’uwanka ya turo maka hoton rasit ko shafin da ya saya.

Mai tambaya: Ya koma Legas, ba ya son a cika shi da kira. Cingam kuma ba ya ba mutum abin riƙewa a hannu. Tunanina in fara da ɗan kaɗan, rabin abin da Injiniya ya ce, in ji yadda zai yi. Filebon kuma sabo ne, ban ga alamar mai ba.

Sista Hauwa: Rabin 120 ai 60 ne. Turo mana hoton kwalbar tukuna.

Injiniya: Bi ni ta inbos Oga, nan surutu ya yi yawa.

Ɗan Bolari: Wai ɗan’uwan naka yaushe zai sake tafiya Chaina? Ina son a taho min da batir guda biyu.